Kwamfutar da ba ta jin magana: Neman harshen tsofaffin na'urori daga Faransa zuwa Agiye

A ɗauka wani kwali ne ya sauka a tashar motar Agiye, a kan babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Wani ɗan gida da ke zaune a Faransa ne ya aiko shi cikin kayan gwanjo: takalma, tsohuwar rediyo, sai wata na'ura mai madannai da aka rubuta wa Thomson TO7 a jiki. Ƙanensa mai koyon gyaran waya ya aro talabijin, ya haɗa, ya kunna. Hoto ya fito. Daga nan kuma shiru. Ya buga lissafi, ya buga sunansa, na'urar ba ta ce masa uffan ba.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Harshenta ne aka baro a Faransa.

Lokacin da kamfanin Thomson ya fitar da TO7 a 1982, bai dasa mata harshen rubuta manhaja a ciki ba. Harshen BASIC yana zuwa ne daban, a wani ɗan akwatin roba mai suna Memo7 da ake cusawa a bakin na'urar, kamar kaset ɗin wasan yara. Idan ɗan akwatin nan ya ɓace a wajen kwashe kayan gidan wani tsohon malamin makaranta a Lyon ko Marseille, abin da ya iso Agiye shi ne abin da Hausawa ke cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.

Wannan ita ce matsalar da duk mai sha'awar kwamfutocin gida na shekarun 1980 yake fara cin karo da ita. Ƙarfen yana da saurin samuwa. Abin da ke wahala shi ne manhajar da za ta ɗauki maganar mutum ta mayar da ita abin da ƙarfen zai fahimta.

Tafinta da mai fassara

Ƙwaƙwalwar kwamfuta lambobi kawai take ji, kuma kowace da nata karin. TO7 da ƙanwarta MO5 suna aiki da Motorola 6809. Commodore 64 tana da MOS 6510, ɗan gidan 6502. ZX Spectrum da Amstrad CPC suna da Zilog Z80. Umarnin da ɗaya ke ji, ɗayar ba ta san an yi ba.

Tsakanin mutum da waɗannan lambobi akwai 'yan tsakani iri biyu. Na farko tafinta ne, irin wanda ke tsayawa gaban alƙali: ana faɗin jimla yana juyawa, ana faɗi yana juyawa. Haka BASIC da Logo suke a yawancin waɗannan na'urori. Amfaninsa shi ne mai koyo yana ganin sakamako nan take, idan ya yi kuskure kuma a nuna masa layin. Illarsa jinkiri, domin ko layi ɗaya za a maimaita sau dubu, sau dubun zai sake juya shi.

Na biyu mai fassara ne da ke karɓar takardar gaba ɗaya, ya shiga ɗaki, ya fito da ita a harshen na'ura. Masu karatun Faransanci suna kiransa compilateur, kuma da wannan sunan ake nemansa a intanet. Aikin da ya fito daga hannunsa yana gudu da sauri, amma shi kansa yana cin wuri. A nan gizo ke saƙa. MO5, wadda ta fito a 1984, kilobait 48 ne duk ma'ajiyarta, 32 daga ciki ne na mai rubutu. Hoto guda da aka ɗauka da wayar zamani yakan ninka ma'ajiyar gaba ɗaya fiye da sau arba'in. A cikin wannan ɗan tsukin ake son mai fassara ya zauna, da rubutun da zai fassara, da abin da ya fassara.

Shi ya sa yawancin kamfanoni suka zaɓi tafinta. Commodore 64, ita ma 'yar 1982, tana kunnuwa ne kai tsaye cikin BASIC, ta sanar da cewa akwai bait 38911 da ba a taɓa ba, ta jira umarni. MO5 ta gyara kuskuren yayarta, ta zo da BASIC na Microsoft dashe a cikinta. Akwai ma wadda ta saɓa wa kowa, Jupiter Ace ta Ingila, da ta zo da harshen Forth, kasuwa kuwa ta juya mata baya.

Me ya kawo Thomson cikin zancen Maraɗi?

Mutumin Kano ko Zariya da ya tuna kwamfutar farko da ya gani a gidan wani malamin jami'a, zai fi yiwuwa Spectrum ce, ko BBC Micro, ko Commodore, domin Ingila ce hanyarsu. Mutumin Nijar kuwa hanyarsa Faransa ce, kuma a can Thomson ce ta cika makarantu.

A watan Janairun 1985, Firaminista Laurent Fabius ya ƙaddamar da shirin Informatique pour tous, wato kwamfuta ga kowa. An tsara raba na'urori kimanin 120,000 ga makarantu kimanin 50,000, tare da horar da malamai 110,000. Mafi yawansu MO5 ne da TO7/70, an ɗaure su da juna ta wata ƙaramar hanyar sadarwa mai suna Nanoréseau da aka ƙirƙira a Lille. Shekara huɗu bayan haka, a 1989, Thomson ta daina ƙera wannan layi na kwamfutoci. Na'urorin suka koma ɗakunan ajiya, daga can zuwa kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako, shagunan Emmaüs da shafin Leboncoin. A nan ɗan ci-rani ke haɗuwa da su yau.

Saboda makaranta aka saye su, an yi musu harsuna fiye da yadda ƙarfinsu ya nuna. Akwai Logo mai umarni da Faransanci. Akwai Forth, da Pascal, da manhajar rubuta umarnin 6809 kai tsaye. Akwai kuma LSE, harshen koyarwa da Faransawa suka ƙirƙira a makarantar injiniyoyi ta Supélec domin ɗalibi ya rubuta LIRE da AFFICHER a maimakon kalmomin Ingilishi. Yaron da ya yi lakwal a Agiye ko Gidan Rumji zai karanta littattafan waɗannan harsuna ba tare da ya nemi mai juya masa ba, abin da ba zai samu da littafin Spectrum ba.

Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana wannan zamani tun da wuri. A 1982 wata cibiya da Jean-Jacques Servan-Schreiber ya jagoranta a Paris ta ɗauko Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Logo a 1967, da Nicholas Negroponte, suka fara gwajin koya wa yara Logo a kan Apple II a Dakar, tare da makarantar horar da malamai ta École Normale Supérieure. Daga cikin 'yan Senegal da suka riƙe aikin akwai Fatimata Seye Sylla. Papert da Negroponte ba su daɗe ba suka bar cibiyar ta Paris, ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Bayan shekara ashirin da ɗoriya Negroponte ya dawo da irin tunanin a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Sau biyu ke nan ana kawo ƙarfe da ɗoki, kuma sau biyun abin da ya fi wuya shi ne wanda zai ci gaba da koyarwa bayan baƙi sun tafi.

Inda harsunan suke yanzu

Hanya ta farko ita ce ta asali: a nemi ɗan akwatin, ko kaset, ko faifan. Mai saye a Turai ya tambayi mai sayarwa kafin ya biya, ya kuma ɗauki littafin da ke tare da su ko da ya yage. Sau da yawa littafin ya fi kaset ɗin daraja, domin a intanet ana samun abin da ke cikin kaset, amma harshe irin Forth ba a koyonsa da lalube.

Kaset ɗin kuwa irin wanda kowane gidan Bahaushe ya sani ne, wanda aka sha wa'azi da waƙoƙin Shata a kansa, wanda 'yan ci-rani suka riƙa naɗar muryarsu suna aiko wa iyaye kafin zuwan salula. Kwamfutocin nan suna adana manhaja a kansa a matsayin ƙara, wani irin tsuwa mai huda kunne. Har gidajen rediyo sun watsa manhaja ta iska a lokacin: a Holan an yi tsarin BASICODE, BBC ma ta yi a 1984, mai sauraro ya naɗa ya loda wa na'urarsa. Sai dai kaset mai shekara arba'in ba abin dogaro ba ne. Zaren yana manne wa juna, robar da ke juya injin tana narkewa, zafin watan Afrilu a Maraɗi kuwa ba ya raga wa ko ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce rumbunan masu sha'awa. A ɓangaren Thomson, babu kamar shafin DCMOTO na Daniel Coulom, wanda ya tara ɗaruruwan manhajoji da littattafai da aka ɗauka a hoto, tare da manhajar da ke kwaikwayon na'urorin a kan kwamfutar zamani. Spectrum tana da World of Spectrum. Internet Archive, da Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana ɗauke da mujallu da littattafan kusan kowace na'ura. Abin daɗin ga mai sayen data da ƙyar a Gazawa shi ne girman fayilolin: harshe sukutum kilobait 16 ne ko kusa da haka, bai kai saƙon murya ɗaya na WhatsApp ba.

Shigar da fayil ɗin cikin na'urar shi ne aikin. Spectrum ba ta da matsala, domin ƙara take ji kai tsaye: a juya fayil ya zama sauti, a haɗa waya da ramin da aka rubuta wa EAR, a ƙure murya, a jira 'yan mintoci. Thomson da Commodore ba haka suke ba. Na'urar karanta kaset ɗinsu ta musamman ce, ita ke juya ƙarar zuwa siginar da kwamfutar ke so, saboda haka rediyon gida ba zai maye gurbinta ba. Wanda ya aiko MO5 ba tare da na'urar kaset ɗinta ba ya aiko kwamfutar da za a iya rubutu a kanta, amma ba za a iya adana komai ba. Masu sha'awa sun ƙera ƙananan na'urori da ke karanta katin memori a maimakon faifai, irin SDDrive ga Thomson da SD2IEC ga Commodore. Suna da ƙanƙanta, suna shiga aljihu, su ya kamata a fara sakawa a kwali.

Hanya ta uku ba ta wanzu a wancan zamani ga talaka ba. Ita ce a rubuta manhajar a kan kwamfutar yau, a fassara ta a can, a miƙa wa tsohuwar sakamakon kawai. Matsalar ƙarancin wuri ta kau ke nan. Ga dangin 6502 akwai cc65. Ga Z80 akwai z88dk da SDCC. Ga 6809 akwai CMOC na Pierre Sarrazin, wanda ke karɓar rubutu irin na harshen C, kuma ya san Thomson. Akwai ugBASIC na Marco Spedaletti, da ke ɗaukar rubutun BASIC guda ya fitar da shi ga na'urori daban-daban, har da MO5. Dukkansu kyauta ne. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke koyon C a aji zai iya gwada abin da ya koya a kan na'urar da kowane bait ake ƙirgawa, ya ga da idonsa abin da rubutun sakaci ke jawowa.

Batun mallaka bai zama ɗaya ba. Wasu masu haƙƙi sun saki nasu: Microsoft ta buɗe rubutun GW-BASIC a 2020, sannan na BASIC ɗin 6502 a 2025, kakan wanda ke cikin Commodore. Amstrad, da ta sayi harkar kwamfutocin Sinclair a 1986, ta yarda a raba manhajar cikin Spectrum ga masu kwaikwayo muddin ba sayarwa za su yi ba. An kuma saki tsofaffin Turbo Pascal, wanda Borland ta fara fitarwa a 1983. Wasu kuwa kamfanoninsu sun mutu, ba wanda ya ce a ɗauka, ba wanda ya ce a bari. Koyo da su wani abu ne, kwafa a sayar a kasuwa wani abu ne daban.

Wuta, zafi da talabijin

Ko an samu harshe, sai na'urar ta rayu. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha tana shigowa ne daga Katsina ta layin da ya sauka a Gazawa, kuma mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a farkon 2024 aka mayar. Yankewar wuta ba ta kashe waɗannan na'urori. Dawowarta da ƙarfi, ko janareto mai rawa, su ne abin tsoro.

Na'urar da ta fito daga Faransa tana da sa'a, domin ƙarfin wuta da bakin soket duk irin na Nijar ne. Wadda ta fito daga Amurka an yi ta ne don wuta 110 da wani tsarin talabijin daban, cusa ta a bango kai tsaye kashe ta ne. Commodore 64 kuma tana da sananniyar cuta: tsohon akwatin wutarta idan ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 da ake buƙata, ya ƙone ma'ajiyar. Masana ba sa kunna ta da shi sai sun auna.

Sai talabijin. MO5 tana fitar da hoto ne ta faffaɗan bakin nan mai ƙafa 21 da Faransawa ke kira Péritel. Tsofaffin talabijin na gwanjo daga Turai suna da shi, yawancin sababbin da ake shigowa da su daga Asiya ba su da shi. A nan tsohon mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya fi matashin mai gyaran waya amfani. Kayan cikin waɗannan na'urori manya ne, ana ganin ƙafafunsu, ana cire su da dalma da ƙarfen zafi, irin aikin da hannunsa ya saba da shi tun zamanin rediyo mai batir.

Mai karatu zai iya tambaya, wahalar me, alhali waya na hannu? Tambayar tana kan hanya, kuma wanda koyo kawai yake so ba ya buƙatar ƙarfen. Akwai masu kwaikwayon Spectrum da Commodore a kan Android, akwai kuma BBC BASIC na Richard Russell da ke gudu a waya kyauta. Abin dariyar ma shi ne ƙwaƙwalwar ARM da ke cikin Tecno ko Itel ɗin ta samo asali ne daga Acorn, kamfanin da ya ƙera BBC Micro, kuma Sophie Wilson da ta rubuta BBC BASIC tana cikin waɗanda suka zana ta. Amma wayar an gina ta ne don a kalla a taɓa. Tsohuwar na'urar da an kunna ta umarni take jira, ba ta da wani abin nunawa sai abin da aka rubuta mata.

Ƙugiyar da babu

Ga layi uku da ɗan mai awon aya a kasuwar Cadawa zai iya bugawa a ranar farko:

10 INPUT "TIYA NAWA";T
20 INPUT "KUDIN TIYA";K
30 PRINT T*K

Ya buga RUN, na'urar ta tambaye shi, ta ba shi jimla. Sai dai mai lura zai ga an rubuta KUDIN, ba KUƊIN ba. Babu ɗaya daga cikin kwamfutocin nan da ta san ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Haruffan masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, Nijar ta tabbatar da nata tsarin rubutun Hausa a 1999, inda take rubuta ƴ a wurin da Najeriya ta saba da 'y, amma kwamfuta ba ta ba su gurbi na dindindin ba sai da tsarin Unicode ya zo a farkon shekarun 1990.

Tsofaffin harsunan sun bar ƙofa a buɗe. A Logo, mai rubutu yana iya koya wa na'ura sabuwar kalma. Kunkurun da ke zane a fuskar talabijin yana jin AV don ya yi gaba, TD don ya juya dama. Da umarnin POUR da FIN, malami zai iya ƙirƙirar GABA, BAYA, DAMA da HAGU cikin 'yan mintoci, daga nan yaran aji su tuƙa kunkuru da Hausa, su zana ɗaki da rumbu.

Haruffan ma haka. Kowane harafi a waɗannan na'urori zane ne a cikin gidaje takwas a tsaye, takwas a kwance, kuma BASIC yana barin mutum ya zana nasa. A Thomson umarnin shi ne DEFGR$, a Amstrad SYMBOL, a BBC Micro VDU 23. Spectrum mai kilobait 48 ta ware gurbi 21 don wannan. Kowane layi na zanen lamba ɗaya ce: gidan farko daga hagu 128, na biye 64, sai 32, 16, 8, 4, 2, 1, a tara na gidajen da aka cike. Haruffan Hausa huɗu, manya da ƙanana, takwas ke nan. Takwas sau takwas, bait 64 sun isa.

Wanda ke da Spectrum ko mai kwaikwayonta a waya zai iya gwadawa da takardar lissafi mai gida-gida. Daga sama zuwa ƙasa: 48, 72, 64, 72, 80, 112, 72, 0. Layi biyun farko su ne ƙugiyar, sauran jikin harafin. Idan aka zuba su a gurbin farko da umarnin POKE, ƙaramin ƙ zai fito a fuskar na'urar da aka ƙera a Ingila a 1982.

Zanen yana zaune ne a ma'ajiyar da ke gogewa. Kafin a tashi, sai a buga SAVE a naɗe shi a kaset ko a katin memori, domin da wutar Gazawa ta ƙifta, ƙugiyar ta tafi, sai an sake ƙirga gidajen daga farko.